Shehu Sanda Kyarimi, mai masaukin da jiragen yaƙin Amurka suka yi zango a garinsa

Waɗanda ke tare da mu a watan Satumba na 2024 ba za su manta da daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ba. Daga Agege zuwa Mile 12, daga Sabon Ibadan zuwa Shagamu, kowa ka gani waya ce a hannunsa, yana kallon yadda ruwa ya shanye Gwange da Gamboru da yankin Kasuwar Kwastam, har ya shiga fadar Shehu. Wasunmu 'yan'uwansu na can, wasu kuma kayansu ne ke jibge a rumfuna suna jiran mota. A cikin labaran da suka fi yawo a lokacin akwai na gidan namun dajin Maiduguri, inda aka ce yawancin dabbobin sun mutu, kadoji da macizai kuma ruwa ya kwashe su zuwa cikin unguwanni. Sunan wannan wuri Sanda Kyarimi. Yaranmu da aka haifa a nan Kudu sun ji sunan a bakin 'yan jarida, sun ɗauka sunan lambu ne kawai.

To, sunan mutum ne. Shehun Borno ne da ya yi shekara 30 a kan gado, daga 1937 zuwa 1967. Ya buɗe ido a duniyar dawaki da masu da bindigar toka, bai bar ta ba sai da ya ga jirage masu inji huɗu, waɗanda aka ƙera a Amurka domin ruwan bama-bamai, suna sauka a gefen garinsa su sha mai su wuce. Mu da muke zaune a zango mun fi kowa sanin darajar mai masauki, shi ya sa na ga ya kamata mu san wannan dattijo.

Ɗan sarkin da aka kashe

Cikakken sunansa Umar ɗan Muhammad al-Amin al-Kanemi. Kanuri suna kiran mai suna Umar da Sanda, Kyarimi kuma na nufin ɗan Kyari. Mahaifinsa Shehu Kyari ɗan Shehu Bukar Kura ne, ɗan Shehu Umar, ɗan Shehu Laminu, malamin nan da ya kafa Kukawa a 1814, wanda ya yi musayar wasiƙu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kan batun jihadi. An haifi Sanda a farkon shekarun 1870, lokacin da Kukawa ke cike da fatake daga Fezzan da Tarabulus da Kano, kuma duk mai niyyar Makka daga ƙasar Hausa ta gabas yake bi.

Yana saurayi komai ya rushe. A 1893 Rabeh ɗan Fadlallah ya shigo daga gabas da rundunar da ta saba da bindiga, ya ci sojojin Shehu Hashimi, ya ƙone Kukawa. Gidan sarauta ya watse zuwa yamma. A cikin wannan ruɗani aka naɗa Kyari, aka kashe Hashimi wanda baffansa ne, sannan Kyari ya tara abin da ya rage na mayaƙa ya tari Rabeh a bakin kogin Yobe a 1894. Da farko ya yi kamar zai yi nasara, amma yaƙi ya juya, aka kama shi da rauni a jiki, aka kashe shi. Ka ga ke nan kafin Sanda ya cika shekara 25 ya rasa uba, ya rasa gari, gidansu kuma ya rasa mulki.

Rabeh ya mai da Dikwa babban birninsa, ya yi shekara bakwai yana juya Borno. Ranar 22 ga Afrilu 1900 Faransawa suka kashe shi a Kusuri, a bakin kogin Shari. Kwamandansu, Lamy, shi ma a wannan rana ya mutu, aka sa wa sansanin da aka kafa a ƙetaren kogin sunansa, wato Fort Lamy, garin da muke kira Njamena yau. Ku riƙe sunan nan, zai sake dawowa a labarinmu.

Daga Dikwa zuwa Yerwa

Turawa uku suka raba Borno kamar naman watanda. Faransa ta ɗauki gabas da arewa, Jamus ta ɗauki Dikwa, Ingila ta ɗauki babban kaso na yamma. A 1902 Shehu Abubakar Garbai ya baro Dikwa ya koma ɓangaren Ingilishi, ya zauna Monguno, ya gwada farfaɗo da Kukawa abin bai yiwu ba, sai a 1907 ya kafa Yerwa a bakin kogin Ngadda, kusa da wani ƙauye mai suna Maiduguri. Haka aka wayi gari da Shehu biyu daga gida ɗaya, ɗaya a Yerwa, ɗaya a Dikwa.

Da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamus ta rasa Kamaru, Dikwa ta dawo hannun Ingilishi. Bayan haka ne aka naɗa Sanda Kyarimi Shehun Dikwa. Ka duba ikon Allah: garin da wanda ya kashe mahaifinsa ya gina fada a ciki, nan aka ba shi ya mulka, ganuwar Rabeh na tsaye yana ganinta kullum. A Dikwa aka haifa masa Mustafa a 1924, wanda shi ma daga baya ya zama Shehun Borno. Shekara guda bayan haka, a 1925, wasu ƙananan jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar ta Sudan, suka sauka a Maiduguri da Kano. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. Jagoransu wani matashin hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Khartoum zuwa Kano, yana yada zango a Maiduguri. Tsohuwar hanyar alhazai ce dai, aka ɗaga ta sama.

Shehu Sanda Kura ya rasu a 1937, aka ɗauko Sanda Kyarimi daga Dikwa aka ba shi babbar sarauta a Yerwa. Ya haura shekara 60 a lokacin. Bai yi shekara uku cikakku a kai ba duniya ta sake kamawa da wuta.

Yaƙin Hitila ya zo bakin ƙofa

A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sojojin Ingila da ke Masar suna bukatar jiragen sama, ga shi in aka ɗora su a jirgin ruwa aka zagaya ta Afirka ta Kudu sai a kwashe watanni. Sai aka tuna da hanyar nan ta Kano da Maiduguri. Matsalar ita ce dole a ratsa sararin Chadi, ƙasar Faransa. Allah ya sa gwamnan Chadi a lokacin baƙar fata ne ɗan asalin Guyana ta Faransa, Félix Éboué, kuma ranar 26 ga Agusta 1940 ya bayyana cewa yana tare da Janar de Gaulle. Nijar kuwa ta tsaya tare da gwamnatin Vichy da ke bin Jamus har zuwa ƙarshen 1942. Ƙasar Shehu ta samu kanta a tsakiya: abokai a gabas, waɗanda ba a yarda da su ba a arewa.

A watan Satumba 1940 ayarin farko ya tashi daga Takoradi a Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Ana kawo jirage a akwatuna ta ruwa, a harhaɗa su a can, su tashi rukuni-rukuni, babba ɗaya mai ɗauke da masanin hanya yana gaba kamar madugu, ƙanana na biye. Legas, Kano, Maiduguri, El Geneina, El Fasher, Khartoum, sai Masar. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Wanda ya riƙa karɓarsu a hamadar Masar yana yaƙar Rommel da su kuwa shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka a Maiduguri a 1925, ya zama babban kwamanda.

Me ya sa Maiduguri ta zama dole? Daga Kano zuwa nan kimanin kilomita 500 ne a sama. Daga nan zuwa El Geneina a bakin iyakar Sudan ya haura kilomita 1,000, yawanci daji da yashi, ba layin dogo ba kwalta da matuƙi zai bi da ido. Maiduguri ce tasha ta ƙarshe a ƙasar Ingilishi kafin wannan dogon tsallake. Duk direban da ya taɓa tsayawa ya cika tanki kafin ya shiga daji da dare ya san abin da nake nufi.

Zuwan Amurkawa

Tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba, a watan Agusta 1941, Shugaba Roosevelt ya sanar cewa kamfanin Pan American zai riƙa kai jirage da kaya ta tsakiyar Afirka. Kamfanin ya kafa hedkwata a Accra, ya buɗe tashoshi a Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy har Khartoum, aka faɗaɗa filaye, aka gina masaukai da ɗakunan rediyo da na duba yanayi. Da Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, hanyar ta cika da manyan baƙi. Jirgi zai taso daga Florida, ya gangara Brazil, ya ƙetare teku daga garin Natal, ya faɗo gaɓar Afirka ta Yamma, sannan ya miƙe gabas ta saman ƙasar Hausa da Borno. Wasu Masar suka nufa, wasu Indiya, wasu har tsibirin Java. A ƙarshen 1942 sojan Amurka suka karɓi tashoshin daga hannun kamfanin.

Manyan cikinsu iri biyu ne, B-17 da B-24. Na biyun, wanda ake kira Liberator, an ƙera fiye da 18,000, babu wani jirgin yaƙin Amurka da aka yi da yawa kamarsa. Inji huɗu gare shi, faɗin fikafikansa ya haura mita 33. Mutum tara zuwa goma ke aiki a ciki: matuƙi da mataimakinsa, mai duba taswira da taurari, mai sakin bom, injiniya, mai rediyo, sauran kuma masu riƙe da bindigogi a sama da ƙasa da gefe da wutsiya. Yawancinsu yara ne 'yan shekara 20 da ɗoriya, waɗanda da yawansu ba su taɓa barin ƙasarsu ba sai a wannan tafiya.

Ga misali ɗaya. A watan Mayu 1942 Kanar Harry Halverson ya baro Florida da Liberator 23, da nufin su kai ƙasar Sin su riƙa kai wa Japan hari daga can. Suka ratso Afirka ta wannan hanya har Khartoum. Kafin su wuce gaba Japan ta rufe hanyar Bama, aka ce su tsaya a Masar. Ranar 12 ga Yuni 1942 guda 13 daga cikinsu suka kai hari kan matatun mai na Ploesti a Romaniya, inda Hitila ke samun man yaƙinsa. Wannan ne karo na farko da manyan jiragen bom na Amurka suka kai hari a nahiyar Turai, kuma ta sararin Afirkarmu suka bi suka je.

Daga wannan ayari ne aka gina rundunar da ta mallaki wani Liberator mai suna Lady Be Good. Ranar 4 ga Afrilu 1943 ya tashi daga Libiya zuwa Naples da mutum tara, Laftanar William Hatton na tuƙi, fitarsu ta farko ke nan zuwa fagen daga. Da suna dawowa cikin dare suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka nutsa cikin Sahara har mai ya ƙare, suka dira da lema. Takwas suka haɗu, suka kama tafiya arewa da gorar ruwa guda, suka yi fiye da kilomita 100 a ƙafa kafin ƙishirwa ta gama da su. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin a kan yashi, a 1960 aka tsinci gawarwakin, ɗaya har yau ba a gan shi ba. Wannan ita ce hamadar da ke arewa da hanyar Maiduguri. In hazo ya rufe sama da hunturu, fitilar fili da muryar mai rediyo a ƙasa su ne tsakanin matuƙi da irin wannan ƙarshe.

Nauyin da ya hau kan mai masauki

Jirgi ba ya sauka a kan iska. Liberator ɗaya in zai cika ciki yana shan galan fiye da 2,000, wato sama da durom 40. Jirgin ƙasa kuwa a lokacin iyakarsa Kano da Nguru da Jos. Duk digon mai, duk buhun siminti, duk kwalin abinci a mota ya iso Yerwa, a kan hanyar da damina ke mayarwa taɓo. A zamanin mulkin Turawa kuma duk abin da gwamnati ke so daga talaka ta hannun En'e yake bi, daga Razdan zuwa Shehu, daga Shehu zuwa ajiya da lawani da bulama, wato hakimi da dagaci da mai unguwa a tsarin Borno. Leburorin share fili da gyaran hanya, hatsi, itace, shanun yanka, samarin da za su shiga soja, duk ta wannan tsani ake neman su.

Kada mu yi wa zamanin kwalliya. Shekarun nan ne aka yi ɗiban gwamna, aka riƙa kwasar maza daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Shekarun nan ne aka kwashi samari zuwa yaƙin Bama. Gishiri da yadi da kananzir suka yi tsada. Sarki a lokacin yana tsakanin wuta biyu: in ya ƙi Bature a tuɓe shi, in ya matsa wa talaka gari ya watse, kuma talakan Borno yana da iyaka uku da zai iya tsallakawa. Sunayen matuƙa na nan a rubuce a littattafan Amurka, har da lambar jirginsu. Waɗanda suka gangara durom a rana, suka ɗauki kwandon tsakuwa a ka, kakannin mutanen da muke ciniki da su ne a yau.

Haɗarin ma bai yi nisa ba. A watan Janairu 1942 wani jirgin Jamus guda ya taso daga kudancin Libiya, ya ratso Sahara, ya jefa bom a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙone man da aka yi watanni ana tarawa. Tsakanin Fort Lamy da Maiduguri kimanin kilomita 200 ne a sama. In kana tsaye a Kwastam ka fuskanci hanyar Muna, ita ce za ta kai ka Dikwa, ta kai ka Gamboru Ngala, ka tsallaka Kamaru zuwa Kusuri, ga Njamena a ƙetare. Hanyar da Rabeh ya mutu a ƙarshenta, hanyar da Sanda Kyarimi ya biyo daga Dikwa ya hau gado, ita ce jiragen suka riƙa bi ta sama. Allah ya tsare Yerwa, har aka gama yaƙin a 1945 tana aikinta na zango.

Bayan yaƙi

Da aka kori Jamus da Italiya daga Afirka ta Arewa a watan Mayu 1943, jirage da yawa suka koma bin gajeruwar hanya ta Dakar da Maroko, masu zuwa Indiya da Sin suka ci gaba da bi ta nan. Bayan yaƙi baƙi suka kwashe kayansu, fili ya zauna. Shehu kuma ya shiga wani sabon zamani, na siyasa. A majalisar sarakuna ta Kaduna shi ne na biyu bayan Sarkin Musulmi. A gida kuwa matasa sun fara ɗaga murya kan yadda ake tafiyar da En'e, aka kafa ƙungiyar matasan Borno a 1954, Ibrahim Imam ya zama babban muryarta. A 1956 aka naɗa Kashim Ibrahim Wazirin Borno domin gyara, kafin ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Ingila ta ba Shehu lambar girma ta Sir.

Ya ga saukar tutar Ingila a 1960. Ya ga ƙuri'ar 1961 da ta sa ƙasar Dikwa, wadda Jamus ta yanke tun yana matashi, ta zaɓi zama cikin Nijeriya. Ya ga isowar jirgin ƙasa Maiduguri a 1964. Ya ga juyin mulkin 1966, ya ga an mai da garinsa babban birnin Jihar Arewa maso Gabas a watan Mayu 1967. A wannan shekara ya rasu, ya haura 90. Umar ɗan Abubakar Garbai ya gaje shi, sannan ɗansa Mustafa ya hau a 1974 ya zauna har 2009.

'Yan'uwa, tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke, in ka ce Maiduguri a motar haya a Legas sai ka ga an juyo ana kallonka da tausayi ko da tsoro. Mu kanmu mun ji a aljihunmu lokacin da hanyar Gamboru Ngala ta rufe shekara da shekaru: shanu suka yi wuya a Agege, bandar kifi ta yi tsada, dillalai da 'yan dako a Kwastam suka zauna hannu rabbana. Arzikin garin nan a hanya yake tun fil azal, kamar dai namu a nan. Mai gidan baƙi a Sabo da fatoma a Yerwa sana'arsu ɗaya, su sauki baƙo, su tsare masa kayansa, su sallame shi lafiya. Sanda Kyarimi ya yi wannan aiki ga alhazai da fatake, ya yi shi ga yaran Amurka da ke kan hanyar zuwa yaƙin da ba nasa ba, ya miƙa garin ga na baya a tsaye.

Duk wanda Allah ya kai shi sarin kaya, in ya hau gadar sama ta Kwastam da aka buɗe a ƙarshen 2021 ya ji ƙarar jirgi na gangarowa, ya gaya wa yaron da ke tare da shi wane ne Sanda Kyarimi. Allah ya jiƙan Shehu, ya jiƙan leburorin da ba a rubuta sunansu ba, ya zaunar da Borno lafiya, mu kuma ya tsare mu a inda muke neman abinci. Amin.